Jan Kumatuna Ba Na Kanti Ba Ne

Magama, Jibiya

Zuwa ga Zunnuraini, hasken idona, inuwar gawo a tsakiyar bazara, ruwan sabuwar randa ga mai ƙishi, jinjirin watan da nake leƙe ta kan katanga, wanda sunansa kaɗai kan ɗauke mini hankali har waina ta ƙone a tanda. Aminci ya tabbata a gare ka, tare da gaisuwa mai yawan yashin gulbin Jibiya, da fatan ka sauke kaya lafiya a Maraɗi, 'yan duwan, wato kwastan na can, da jandarmomi ba su shanya ka a rana ba. Na gaishe ka ne domin Inna ta koya mini a yi gaisuwa kafin a yi faɗa. To, na gama gaisuwa. Gyara zama, masoyina, yau ba zuma na kawo maka ba.

Kada ka yi mamakin ganin takarda alhali ga waya a hannuna. Na san halina. Da na ji muryarka zan narke kamar man shanu a rana, in manta rabin abin da ke cina, in ƙare da tambayarka ko ka ci abinci. Saƙon murya kuwa yawo yake yi, ba na son a kunna kukana a tsakar gidanku kowa ya sha kallo. Zan ba ƙanwarka Sumayya ta damƙa maka hannu da hannu, tunda ita ka mayar 'yar aike.

Ta zo kuwa. Ta zo kanta a sunkuye kamar wadda aka aiko da saƙon rasuwa, ta ajiye mini gwangwanin man kaɗanya a gefen tanda, ta faɗi abin da ka ce ta faɗa. Wai Gwaggo Hajo, wadda ta raine ka, ta dakatar da maganar sa ranar aurenmu. Wai ta ga kumatuna jawur, ta ga korayen jijiyoyi kwance a hannuna, ta ga baƙi a gaɓoɓin yatsuna, ta ce mai nake shafawa, irin na kanti mai ɗaye fata. Wai kai kuma ka ce in ina shafawa in daina, in koma wa man kaɗanya, ka yafe mini. In kuma ba na shafawa, to ranar kasuwa za ka zo da Gwaggo da kwanon ruwan ƙanƙara, in tsoma hannu a gabanta, ta gani da idonta, magana ta mutu.

Ka yafe mini! Zunnuraini, ka yafe mini me? Akuyar wa na kwance? Gonar wa na shiga? Wallahi da zagi ka aiko da ya fi mini sauƙi, domin zagi ana ramawa. Amma yafiya a kan laifin da ban yi ba, ina zan kai ta? In na karɓa na amsa laifi, in na ƙi a ce yarinyar nan ta cika girman kai, an yi mata alheri ta watsar. Ka ɗaure ni da igiyar kirki, ka koma gefe kana jiran godiya. Tun da Sumayya ta juya baya kunnuwana ke huci, fuskata kamar an kara mata garwashi, kuma da Gwaggo za ta leƙo ta gan ni yanzu da ta rantse na sake sabon mai.

Ya abin ƙaunata, ka manta ranar da ka fara tsayawa a rumfarmu? Ni dai ban manta ba. Layin manyan motoci ya miƙe tun daga shingen kwastan har ido ya gaji da bi, rana ta take tsaka, gingimarinka tana tururi kamar tukunyar dambu. Ka zo da jarka kana neman ruwan lagireto, ko sallamar kirki ba ka yi ba. Na ɗago kai daga tanda da niyyar in ce maka nan ba rijiya ba ce, sai na gan ka tsaye baki buɗe, ka manta da jarkar da ke hannunka. Ka ce, “Ke kau wa ya shuka tumatirin bakin dam bisa kumatunki?” Inna ta yi kamar ba ta ji ba, ta shiga gyara itacen da ba ya bukatar gyara. Ni kuwa na juye maka ruwan alwalata kaf, ban bar ko na kurkure baki ba. Tun daga ranar, duk sa'ad da ka faki idon mutane, Tumatir kake ce mini. Jan nan da ya tsayar da kai, jan da ka yi wa kirari har na ji kunyar kaina, shi ne yau ka aiko a wanke da ruwan ƙanƙara.

Da a ce ba ka sani ba ne, da na yi maka uzuri. Mutum nawa ne ke yawo da jini a jikinsa bai san yadda yake gudu ba? Amma kai ka sani, kuma a gabana ka koya.

Tuna bazarar bara, ranar da na faɗi. Tun safe nake zaune gaban wuta, rufin kwano a bisa kaina yana toya ni ta sama, tanda tana toya ni ta ƙasa, direbobi sun yi dafifi ko ruwa ban samu na kurɓa ba. Na miƙe zumbur zan miƙa wa wani faranti, sai duniya ta juya, duhu ya rufe ni. Wa ya bar motarsa a layi da kayan mutane a kai? Wa ya tare babur aka ɗora ni, Inna na riƙe da ni ta baya, shi kuma ya hau wani yana biye yana salati da ƙarfi har mutane na dare hanya? Kai ne, rabin raina. A asibiti aka hana ka shiga ɗakin mata, ka zagaya ka maƙale a taga kamar ƙadangare, kana kallon ruwan da ake ƙara mini yana ɗiga.

Inna ta kama hannun malamar asibitin, Sista Mu'minat, tana kuka tana cewa, “Ki hwaɗa mani gaskiya, iska ne ko sammu?” Sista ta ce, “Inna, ba iska ba sammu, zahi ne.” Ta ɗaga hannuna ta nuna mata. Ta ce a ƙarƙashin fatar kowane ɗan Adam akwai hanyoyin jini birjik, wasu sun fi gashi sirantaka. In jiki ya ɗauki zafi, sai ƙwaƙwalwa ta aika musu su saki, su buɗe, jini ya taso daga can ciki ya matso kusa da fata, ya miƙa wa iska zafin da ya kwaso, zufa ta fito ta bushe ta tafi da saura, sa'an nan ya koma ciki ya ɗan huce. In ma wuri ɗaya ne ya sha wuta, kamar hannun da ke yini a kan tanda, hanyoyin wurin da kansu suke buɗewa. Shi ya sa fata ke yin ja, jijiyoyin bayan hannu su cika su fito raɗau, zuciya ta ƙara sauri don ta kai jini hanyoyin da suka yi faɗi. Ta ce abin da ya kayar da ni, jini ya watsu a fata da ƙafafu, ga rashin ruwa a jiki, na kuma miƙe da gaggawa, wanda zai hau kai ya yi kaɗan. Ta jiƙa tsumma da ruwan sanyi ta naɗe mini hannu, da ta kwance sai ga jijiyoyin sun lafa, jan ya dushe. Ta ce sanyi tsuke su yake yi.

Sai ga murya daga taga. Muryar wa? “Sista, ashe lagireto ne! Ruwa ya zaga inji ya kwaso zahi, ya hito gaba iska ta busa shi, ya koma.” Sista ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ka fi wasu ɗalibanta ganewa. Ka dube ni ta tsakanin ƙarafan tagar nan, idonka jawur don kuka, ka ce, “Salmatu, ashe ke ma ba a barin ki babu ruwa.” Da ka dawo daga garinku Gangara kuwa, sai ga ka da zana a saman mota, ka hau da kanka ka shimfiɗa ta ƙarƙashin kwanon rumfarmu don ta tare mini zafi, har ƙusa ta yage maka riga. A ƙarƙashin zanar nan nake zaune yanzu ina rubuta maka wannan takarda.

To gaya mini, ya sanyin idona, ina wannan Zunnurainin ya shiga? An riƙe shi a shingen Ɗan Isa ne, a hanyar Maraɗi, aka sako mini wani mai kama da shi? Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ba mantawa ka yi ba. Ka tuna sarai! Daga ina ka samo dabarar kwanon ƙanƙara in ba daga tsumman Sista ba? Darasin da ka koya a ranar da ka zaci zan mutu, ranar da ka yi kuka a gaban mata ba ka ji kunya ba, shi ka adana ka wasa, yau ka zaro shi ka ɗora mini a wuya. Ka tuna yadda ake gwada ni, amma ka manta yadda ake tsaya mini.

Bari in ba ka labarin zuwan Gwaggo, tunda ka ji nata ba ka nemi nawa ba. Ranar kasuwa ce, hantsi ya dubi ludayi har ya wuce, zafi ya kai inda kare ba ya iya haushi. Wata dattijuwa ta tsaya a bakin rumfa da lulluɓi har goshi, ta ce, “Ɗiyata, a ba ni waina mai zahi.” Ta zo ne a matsayin mai saye, kamar yadda iyaye kan yi in za su duba yarinya ba ta shirya ba, kuma ban ga laifin wannan ba. Sai dai tana buɗe baki na ga wushiryarka, na ga goshinka, na ga yadda kake karkata kai in kana nazarin taya. Haba! Nan take na gane Gwaggo ce. Ga wutar tanda, ga wutar rana, ga kuma kunyar suruka ta sauko mini gaba ɗaya, na ji jini ya hau fuskata har cikin gashi. Da na miƙa mata wainar ba faranti ta kama ba, wuyan hannuna ta kama. Ta juya shi ciki, ta juya shi waje, ta bi jijiyar da ɗan yatsa kamar mai duba ƙwai. Ta ce, “Wagga huska taki, haka Allah ya yo ta?” Na ce, “Haka ya yo ta, Gwaggo.” Jin na kira ta Gwaggo sai ta saki hannuna, ta ja lulluɓi ta tafi, wainar ma ba ta ɗauka ba.

Baƙin gaɓoɓin yatsu kuwa, da ta tambaya da na ce mata gawayi ne. Wa ke yini yana tura itace a murhu ya tashi da hannun amarya? Sabulu da soso sun ishe shi, ba ya bukatar shari'a.

Kada ka zaci da Gwaggo nake. Wallahi ba da ita nake ba. Kai da bakinka ka ba ni labarin 'yarta Fati, yadda ta biye wa ƙawaye ta shafa man nan har fatarta ta koma kamar ɓawon albasa, aka yi mata aiki wajen haihuwa ɗinki ya ƙi kamawa, Gwaggo ta tare a bakin gadonta tana wankin ciwo tana hawaye. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Ta ga ja, ta ga kore, ta ga baƙi, ta tuna Fati, tsoro ya rufe mata ido. Uwa ce, kuma ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Ko da yake, in za a bi ta gaskiya, matar da ta yi wa rabin matan Gangara wankan jego, ta ga yadda ruwan zafi da ganyen darbejiya ke mayar da bayan mai jego jawur ko da baƙa ce, bai kamata a ce jan fata ya zama mata baƙo ba. Amma ita ba ta san ni ba. Sau ɗaya ta gan ni, a mafi munin lokaci. Kai fa?

Kai da ka gan ni da sanyin safiya ina share rumfa, fuskata fara fat kamar ba jini. Kai da ka gan ni da damina ina rawar ɗari, yatsuna sun yi fari sun motse. Kai da ka san kakata Nana, 'yar makiyayan da suka zauna bayan garin Kusa tun ba a kafa shinge a Magama ba, ka durƙusa ka gaishe ta kafin Allah ya karɓi abinsa, ka ga farinta da ya fi nawa, alhali har ta koma ga Mahaliccinta man shanu kaɗai fatarta ta sani. Gwaggo ta ce maka, “Ɗiyag ga shahe-shahe take,” kai kuma ka yi me? Sumayya ta ce shiru ka yi kana wasa da makullin mota. Shiru! Mutumin da ke tsayawa ya yi musu da ɗan duwan da Faransancin da bai iya ba har a ɗaga masa shinge don a huta, shi ne ya rasa kalma ɗaya a kaina. Shiru ma magana ce, Zunnuraini, kuma na ji abin da naka ya ce.

Dubi bayan hannunka mana. Dube shi da kyau in ka yini riƙe da sitiyari, inji na hura maka wuta ta ƙarƙashin kujera. Sau nawa ka miƙo shi karɓar faranti na ga jijiyoyi sun tashi kamar igiyoyin ɗaure kaya, na kawar da kai don kada Inna ta ga ina kallo? Wane mai kake shafawa? A wane kanti? Jinin da ke tasowa fatata shi ke tasowa taka, hanyoyinka na buɗewa kamar nawa. Bambancin kawai kai Allah ya rufa maka asiri da baƙin fenti mai kyau, ni kuwa ya bar ni a fili, duk abin da jinina ya yi sai duniya ta gani. In na ji zafi a gani, in na ji kunya a gani, in na yi fushi a gani. Ban taɓa iya ɓoye maka komai ba ko da na so, kuma ni ce yau ake tuhuma da ɓoye-ɓoye.

Ka san abin da shirunka ya jawo mini? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Magana ta riga ta zaga Magama, ban san ƙafar da ta kawo ta ba. Mai tuwon da ke kusa da mu, wadda ba ta taɓa yi mini kallon banza ba, jiya ta leƙo tana murmushi ta ce, “Salmatu, a ba mu sunan man mana, mu ma mu haska.” 'Yan babur in sun zo sayen waina hannuna suke kallo, ba tanda ba. An rataya mini jakar tsaba, kaji sai bi na suke yi. Inna kuwa, da Sumayya ta tafi, sai ta ce, “In ba su son fara su tahi su nemo baƙa, kasuwa cike take.” Ta faɗa da ƙarfi don in yi dariya, amma na ga ta juya tana goge ido da bakin zane. Farin uwarta ne ake zagi a jikina, kuma ta sani.

Duk da haka, kaicona, ina son ka! Ina son ka kamar yadda ƙasar bazara ke son hadarin farko, kamar yadda ɗan tsako ke son ƙarƙashin fiffike. Na yi ƙoƙarin in tsane ka tun shekaranjiya, abin ya ƙi. In mota ta danna oda daga wajen shinge sai in tsinci kaina na ɗago kai, in ji haushin wuyana. In na zuba ƙullu a tanda sai in ga na ware ukun nan masu ƙonannen gefe da kake so, in tuna ba ka nan, in tuna ma fushi nake da kai. Wane irin ciwo ne wannan da mai jinya ke kewar wanda ya sa masa shi? Wane irin mutum ne kai da za ka ɓata mini rai, kuma in rasa wanda zan kai wa ƙara sai kai? An ce tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Na yarda, amma haƙori ba ya cizon harshe sa'an nan ya aiko masa cewa ya yafe.

Saurara da kyau yanzu, ya muradin zuciyata, domin nan ne maganar take. Ruwan ƙanƙara ba ya ba ni tsoro. Na san abin da zai faru kamar yadda ka sani. Kuma Gwaggo tana da haƙƙin ta natsu kafin ta kai ɗanta inda zai zauna har abada. Ƙofar gidanmu a buɗe take. Ta zo duk safiyar da ta ga dama ba tare da sanarwa ba, ta same ni kafin in hura wuta, ta zazzage kwandon kayan shafata, ta duba bayan kunnena da gwiwata da duk inda take so, zan durƙusa mata har ƙasa in kawo mata fura. Wannan tsakanin mata ne, a cikin ɗaki, kuma babu ƙasƙanci a ciki. Amma ba a bakin titi ba, ba ranar kasuwa ba, ba a gaban direbobi da mai tuwo ba, kuma ba kai ne za ka riƙe kwanon ba.

Abin da nake nema a wurinka ƙarami ne, ko kuɗin mota ba ya ci. Kafin kowa ya duba ni, kafin ɗigon ruwa ya taɓa hannuna, ka tafi Gangara, ka cire takalmi, ka zauna gaban Gwaggo da ladabi, ka ce mata ka san ni. Ka ce mata ka ga jan nan tun ranar farko, ka ga tashinsa ka ga kwanciyarsa, ka ji dalilinsa da kunnenka. Ka ba ta labarin lagireto in kana so, ta yi dariya. Ba na ce ka yi mata musu ba, ba na ce ka ɗaga mata murya ba, Allah ya kiyaye. Cewa na yi ka zama shaidata tun babu hujja a hannunka. In sai ruwa ya wanke ni za ka yarda da ni, to da ruwan ka yarda, ba da ni ba. Gobe in wani ya ce ya gan ni a inda ban je ba, wane kwano za ka kawo?

In kuwa ka ƙi ji, ka zo ranar kasuwa da Gwaggo a gaba da kwano a hannu, ba zan gudu ba, ba zan yi maka rashin kunya ba. Zan naɗe hannun riga in tsoma har gwiwar hannu. Jijiyoyin za su tsuke su ɓuya, jan zai dushe, mai tuwo za ta koma rumfarta, Gwaggo za ta ce a sa rana. Ni zan ci jarrabawa, kai ne za ka faɗi. Zan goge hannuna, in miƙa maka gwangwaninka, in roƙi Inna ta mayar da kayan da danginka suka kawo. Ba don na daina son ka ba, wannan ba ya cikin ikona, kuma ba wani nake jira ba, babu shi, ba za a yi shi ba. Sai don ba zan iya kwana ɗaki ɗaya da mutumin da ya riƙe mini kwano ba. Hanyoyin jinin hannu in sun tsuke, wutar gobe za ta buɗe su. Akwai abin da in ya tsuke a ƙirjin mace, ko an haɗa itacen Jibiya duka ba ya buɗewa.

Man kaɗanyarka yana nan a kan taga, ban buɗe ba. Da farko na so in jefa shi a kwata. Daga baya na tuna fason dugaduganka, wanda kake ɓoyewa cikin takalmi kana zaton ban gani ba, na ce bari in ajiye. In Allah ya sa ka yi hankali, akwai ranar da zan zaunar da kai a kan tabarma, in jawo ƙafar nan in shafe ta da shi, ina yi ina maka gori har ka roƙi gafara. A ranar ne za a yi maganar yafiya, kuma ni ce zan yi ta.

Ranar kasuwa ba zan hura wuta ba sai ka iso, Inna ta yi ta mita in ta so. Zan zauna a inuwar zanar da ka kafa, hannuna wankakke, babu tanda, babu gawayi, babu rana a kaina. In ka biya Gangara ka faɗi abin da ya kamata, to da ka wuce shinge ka danna odar nan taka mai kama da kukan jaki, ka sauko hannu biyu babu komai, ka tsaya inda ka tsaya da jarka a ranar farko, ka dube ni. Kumatun nan maciya amana za su yi ja, na san su, ba su taɓa rufa mini asiri a gabanka ba. In ka ga haka sai ka tambayi kanka wa ya shafa mini.

Taka ce ni, a zafi da sanyi, a fushi da yarda, ba ni da wani kafin kai kuma ba ni da wani bayanka, har ranar da jinin nan zai daina zagayawa.

Salmatu, wadda kake ce wa Tumatir